Koren Maccido

Hindatu tana tsince tsakuwa daga shinkafa a gindin bangon da ya raba cikin gida da shagon mijinta, sai ta ji injin iska ya yi tari ya mutu. Maccido ba ya kashe injin da hantsi, sai dai in mai ya ƙare, ko wani ya zo da maganar da ba a son maƙwabta su ji. Bangon na ƙasa ne, kuma daga sama akwai kafar da aka bari don hayaƙi, saboda haka duk abin da aka faɗa a shago yakan faɗo cikin gida kamar an aiko shi.

Muryar Bashar ce, ɗanta na fari, wanda ba ta kiran sunansa. Ya fara da gaisuwa mai tsawo da tambayar ƙirjin tsoho, sannan ya gangaro kan abin da ya kawo shi.

"Baba, falle guda na. Guda ɗai."

"Na ji ka."

"To mi kac ce?"

"Ba ni yi."

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Bashar direban akori-kura ne a cikin motocin Alhaji Lawwali, ɗan kasuwar da ke kwasar albasa da wake daga ƙauyuka zuwa Illela, wani lokaci a tsallaka da su Ƙonni. A hanyar Tozai wani manomi ya roƙe shi ya ɗora masa buhuna a kan lodin Alhaji, shi kuma ya ɗora, tunda abin da za a ba shi aljihunsa zai shiga. Motar ta faɗa wani kwari da nauyin da ya fi ƙarfinta, falle ɗaya na sifirin ɗin baya ya karye. Bakanike ya sa masa wani na hannu, mota ta tashi lafiya. Sai dai fallen baƙi ne, alhali duk wani sifirin da ke ƙarƙashin motar Alhaji Lawwali kore ne mai ɗigon rawaya, kuma mutum ɗaya ne a garin yake fitar da wannan launi, wato Maccido. Kowane jajiberin kasuwa Alhaji yakan tattara rigarsa ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motocinsa. Direban da aka ga baƙi a tasa, an san ya yi lodin ɓoye ko ya sayar da na asali, mabuɗi kawai zai ajiye. Jajiberin kuwa gobe ne.

Bashar ya ce Shahida matarsa ta kusa haihuwa. Ya ce ba a samun tuƙi yanzu, direbobi ne zube a tasha suna wasan dara. Maccido ya ce amana ce Alhaji ya ba shi. Daga nan murya ta fara hawa. Bashar ya ce shi ya san abin da ake so, ana so a kore shi ne ya dawo ya zauna yana shaƙar garin fenti har ƙirjinsa ya koma irin na wasu, to gara ya yi tallan ruwa a bakin iyaka.

"Wa yac ce ka dawo?" in ji Maccido.

Injin ya sake tashi. Hindatu ta ci gaba da tsintar shinkafarta. A iya saninta, tambayar gaskiya ce, Maccido bai taɓa cewa yaron ya dawo ba. Bai taɓa roƙon kowa komai ba tun da ta san shi.

Maccido ɗan fatake ne. Mahaifinsa daga Darna Sabon Gari yake, yana kai goro da atamfa Nijar, ya dawo da dabino da kanwa, kuma ya so ɗansa ya gaje shi. Amma kasuwanci yana son mai iya cewa ƙara mini, rage mini, don Allah duba, shi kuwa Maccido in aka taya masa kaya sai ya tsaya yana kallon mai tayi har mutumin ya ji kunya ko ya tafi. Da uban ya gaji, ya kai shi wurin wani mai fentin gadajen ƙarfe da ƙofofi. Daga gado ya koma keke, daga keke ya koma bodin mota. Bodi ma bai yi masa ba, don mai mota yakan tsaya a kansa yana cewa nan bai yi sheƙi ba, can ya yi duhu. Sai ya sauka ƙarƙashin mota, inda ba mai ba da shawara.

Aurensu ma haka ya zo. Bai taɓa zuwa zance ba. Wata rana aka gan shi yana kankare tsatsar ƙofar gidansu Hindatu, ba wanda ya sa shi. Ya yi mata fenti, ya ƙi karɓar ko sisi. Bayan ƙofa ya yi tagogi, ya yi akwatin littattafan mahaifinta, wanda malami ne mai makaranta a zaure, ya yi gadon kakarta. Sai da ya zamana ba inda malam zai juya a gidansa bai ga aikin Maccido ba. A ƙarshe malam ne da kansa ya aika a tambayi yaron ko akwai abin da yake nema. Mutanen unguwa suka ce ga yaro mai kunya. Hindatu ta daɗe tana ganin haka ita ma.

Fentin gari kuma a Ƙonni ya gano shi, wurin wani mutumin Kwatano da ke gyaran motocin da ake shigowa da su. Ba a dama shi da komai. Gari ne kamar hoda, a fesa shi da bindiga mai lantarki ya manne wa ƙarfe, sannan a gasa, ya narke ya zama fata. Fentin gwangwani yakan tsage ya zube da zarar sifirin ya yi ta lanƙwasa a kan hanya, wannan kuwa yana bin ƙarfen duk inda ya tanƙwara. Maccido ya yi watanni yana tsallakawa a kan babur yana taya mutumin wanke ƙarfe kyauta, bai ce a koya masa ba, har ranar da mutumin ya miƙa masa bindigar. Da wani gidan burodi ya rufe, ya sayi tandarsu ta ƙarfe, ya sa mata gas da agogon zafi. Yara suka yi ta yi masa waƙar mai gasa ƙarfe, wasu dattawa suka ce talauci ya taɓa masa kai.

Koren kuwa kuskure ne ya haife shi. Ragowar rawaya ta zube masa cikin kore, ya ji ƙyashin zubarwa, ya fesa a kan wani tsohon sifirin. Gari biyu ba sa haɗewa su zama launi ɗaya yadda ruwan fenti ke yi, kowace ƙwaya tana narkewa a inda ta sauka. Abin ya fito kore shar da ɗigo-ɗigon rawaya kamar an yayyafa gero. Ba mai buroshi ko mai feshin ruwa da zai iya kwaikwayonsa. A lokacin kowa a tasha ya san Alhaji Lawwali yana kukan direbobi na cinye masa ƙarƙashin motoci. Maccido bai je wurinsa ba. Ya rataye sifirin ɗin a bakin shago, daidai inda Alhaji ke wucewa zuwa masallaci, ya bar shi nan har Alhaji ya tsaya ya tambaya.

A cikin wannan shago Bashar ya tashi. Kafin ya yi gemu ya iya komai, hannunsa ma ya fi na uban sauƙi, gari yakan kwanta masa daidai ba tudu ba rami. Amma shago wuri ne na mutum biyu da injin da ba ya bari a yi hira, tasha kuwa cike take da mutane da labarin Maraɗi da Agadas. Ranar da ya ce zai bi mota, Maccido ya ce Allah ya tsare, ya juya ya ci gaba da aiki. 'Yan'uwan Bashar duk mata ne, sun yi aure. Waɗanda aka kawo koyo ba sa daɗewa, da sun tara na babur sai kabu-kabu. 'Yan shekarun nan kuma hannun Maccido na dama ya fara rawa. Hindatu ta fara ganewa ne daga yadda yake riƙe ludayin fura da hannu biyu, sai kuma daga kunne: feshin da a da take ji a miƙe, yanzu yana tsayawa yana tashi. Ta san yakan sake aiki sau biyu kafin ya fitar. Bai gaya mata ba, ita ma ba ta nuna ta sani ba.

Da azahar Maccido ya shigo, ya wanke hannu da fuska, ya zauna a tabarma. Ta ajiye masa kwano, ta koma gefe. Sai da ya ci rabi ta ce ta ji yaron nan ya zo. Ya ce ya zo. Ta ce ta ji kuma abin da ya kawo shi. Ya ce bangon nan yana son yaɓe. Ta bar wannan ta wuce, ta ce ita ba ta san sha'anin maza ba, amma ta san haihuwa na tafe, kuma gidan da ba mai fita da safe ba ya daɗin zama. Ya ce Alhaji ya yarda da shi shekara da shekaru, ba zai sayar da wannan don falle ɗaya ba.

"Malam, Abdulaziz fa?"

Abdulaziz wani direban Alhaji ne da ya zo da irin wannan matsala bara waccan, da kuka da rantsuwa. Ta wannan kafar ta ji shi, ta kuma ji an kunna tanda bayan fitarsa. Har yau yana tuƙi.

Maccido ya tauna abin da ke bakinsa a hankali. Ya ce Abdulaziz marayu yake riƙo. Ta ce to. Ya ce kuma Abdulaziz bai iya komai ba sai tuƙi. Ya faɗi wannan yana kallon kwano, ita kuma ta ɗaga ido ta dube shi, don wannan ce magana ta farko a ranar da ta yi kama da abin da ke ransa. Da ya sha ruwa sai ya ce gobe zai tafi Darna Sabon Gari gaisuwar rasuwar wani ɗan ƙanen kakarsa, da sassafe zai fita, ba zai dawo ba sai bayan la'asar. Hindatu ta san mamacin, ta kuma san an yi bakwai tuni, kuma Maccido mutum ne da ko gaisuwar maƙwabci a tsaye yake yin ta.

Da safe, bayan ƙarar babur ɗinsa ta ɓace, ta je share zaure, sai ta ga mabuɗin shago rataye a ƙusa. Mabuɗin da yake kwana a aljihunsa, wanda ko wanki za ta yi sai ya ciro shi da kansa. Ta buɗe ta leƙa. An share wurin. Janareta cike da mai, tukunyar gas sabuwar ɗauri. A kan benci, gaba da duk sauran, ga gwangwanin kore, ga na rawaya, ga ɗan gwangwanin tumatir da yake awo da shi an kifa a tsakaninsu. Yashin feshi ma an tankaɗe shi an tara a kwano.

Ta daɗe tsaye da tsintsiya a hannu. Fassara mai sauƙi ita ce uba ne ya ji tausayin ɗansa, yana kuma son in an tambaye shi ya rantse bai yi ba. Ta ɗauki wannan, don tana da kyau kuma ana iya gaya wa mutane. Akwai wata a ƙarƙashinta, wadda ta shafi ƙofar gidan mahaifinta da sifirin da aka taɓa ratayewa a hanyar masallaci, amma ba ta ɗaga ta duba ba. Ita ma tana da nata. Duk ranar da yaron ya kwana a hanya ba ta cin abincin kirki, kuma shekarun da take jin muryoyi biyu ta kafar nan sun fi mata waɗannan. Ta kira shi a waya ta ce tsoho ya yi tafiya, ya manta mabuɗi.

Bashar ya zo da fallen a naɗe cikin buhu, bakanike ya kwance masa shi tun da asuba. Ya tsaya a bakin shago yana kallon benci.

"Inna, mantuwa ta ko?"

"Ni dai ga abin da nig gani."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya tuɓe rigarsa ya rataye, ya ɗaure hanci da tsumma. Hindatu ta jawo kujera ta zauna daga bakin ƙofa, wai tana gadin hanya.

Ya fara da yashi. Injin iska yana tura shi ta tiyo, yana cin baƙin fenti da tsatsa har ƙarfen ya fito fari-fari kamar sabon faranti. Ya juya fallen ya duba shi a rana, gefe da gefe, ko akwai tsaga, don gari yana rufe tsaga ya ɓoye ta har ranar da za ta kashe mutum. Ya goge shi da tina, ruwan da ke cire maiƙo. Daga nan bai ƙara taɓa shi da hannu ba, da waya ya ɗaga shi ya rataye, saboda maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana gari kamawa. Ya maƙala masa wayar lantarki. Wurin awo ne ya ɗan tsaya, gwangwanin tumatir a hannu, leɓensa na motsi. Ta ga lokacin da abin ya dawo masa: ya ɗebi kore ya shafe bakin da yatsa, ya maimaita, ya ɗebi rawaya kaɗan, ya rufe ya girgiza a gefen kunnensa yadda uban ke yi.

Da ya ɗauki bindigar, sai ta ji sautin da ta daɗe ba ta ji ba, feshi ɗaya miƙaƙƙe daga wannan kai zuwa wancan, ba tsayawa. Garin ya tashi kamar hayaƙi ya koma ya lulluɓe ƙarfen har bayansa. Fuskar yaron ta sake. Da ya zo da safe a ɗaure take, yanzu har wani abu yake rerawa a cikin tsumma. Ya sa fallen a tanda, ya tsuguna gaban agogo bai ɗauke ido ba, don in zafi ya yi yawa sifirin yakan mutu, ya koma ƙarfen banza da ba ya dawowa in ya lanƙwashe. Ta kawo masa fura, ya sha a tsugune.

Abin da ya fito daga tanda ya fi na Maccido na bana kyau, ita ma da ba sana'arta ba ta gani. Bashar ya riƙe shi da waya yana juyawa, ya ce ya yi kyau da yawa, sai ya ɓata shi. Da ya huce ya shafe shi da baƙin mai da jar ƙasa har ya yi kama da wanda ya sha hanya. Ya mayar da gwangwanaye yadda ya same su, ya share, ya rataye mabuɗi a ƙusa, ya tafi wurin bakanike da sauri.

Maccido ya dawo bayan la'asar kamar yadda ya ce. Ta yi masa sannu da hanya, ta tambayi mutanen Darna, ya ce suna gaishe ta. Bai tambayi komai ba. Ya ciri mabuɗi ya shiga shago, ita kuma ta koma gindin bango. Ta ji ya buɗe tanda, wadda har yanzu da ɗumi. Ta ji ya ɗaga gwangwani ya ajiye, ya ɗaga wani. Sai ta ji ya jawo benci zuwa bakin ƙofar waje ya zauna.

Rana ta yi sanyi lokacin da akori-kurar ta tsaya a ƙofar gida. Bashar ya diro da ƙunshin tsire a hannu, yana murmushi tun daga nesa, bai lura da wanda ke zaune ba sai da ya zo dab. Hindatu ta fito zaure ta tsaya daga ciki. Ya durƙusa ya gaida uban, ya yi masa ya hanya. Maccido ya tambaye shi ko Alhaji ya duba motoci. Ya ce ya duba. Ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, gobe ma shi zai yi lodin farko. Maccido ya ce madalla, ya tashi ya je bayan motar, ya dafa taya ya sunkuya da ƙyar. Ya daɗe a can. Ya sa babban yatsa ya goge ƙasar da ke kan falle ɗaya, ya duba, ya mayar da ƙasar ya shafe wurin.

Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofar shago yana goge yatsan da gefen riga. Bashar yana nan riƙe da tsirensa, mai ya fara ratsa takardar.

"Alhaji yakan biyo nan ran kasuwa," in ji Maccido, "shi tambaye ni ko na yi ma wani korenai a ɓoye. Ban yi ba, haka za ni ce mai. In kuwa yat tambaya ko wani ya taɓa min gwangwani, wannan ban san mi za ni ce ba tukuna."

Ya tura ƙofar da ƙafa, ya nuna wasu manyan sifirin da ke jingine a bango, masu tsatsa.

"Na wata mota kanta na, tun wancan mako anka kawo su. Ran da ba ka da lodi, da sahe nika buɗewa."